Masu kiwon Mena: wa ya share gona, wa ya girbe?

Ran 8 ga watan Oktoba na shekarar 2011, lokacin kaka ne. Hatsi ya nuna, ana ta yankan zangarniya ana ɗaurin dame. Ran nan, cikin garuruwa da yawa na ƙasar Nijar, samari da dattawa sun kewaye rediyo. Mena, ƙungiyar balo ta ƙasa, tana wasa da Misira can birnin Alƙahira. Balo ya shiga ragar Nijar sau ɗaya, ya koma, ya ƙara. Aka tashi Misira tana da 3, Nijar ba ko ɗaya. Jikin kowa ya yi sanyi. Mai tattalin pil ya kashe rediyonshi, ya ce ba shi ƙarar da pil wajen jin baƙin labari.

Ba a jima ba sai wani labari ya iso. Aka ce Mena ta samu shiga gasar kofin Afirka. Tun da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, ba ta taɓa sa ƙafa cikin wagga gasa ba. Shekara 51 ke nan ana jin sunayen wasu ƙasashe a rediyo, ba a jin na gida. Mutane suka yi ta tambayar juna: ƙaƙa wanda aka kayar ya zama shi ne ya ci?

Amsar wagga tambaya tana da tsawo, kuma cikinta akwai sunayen mutanen da ba su buga balo ran nan ba. Su ne masu horo. Su ke tsaye bakin fili, su ke shan zagi in an faɗi, kuma sau da yawa ana mance su in an ci.

Mine ne aikin mai horo?

Sunan Mena daga dawa aka ɗauko shi. Wata irin barewa ce mai tsawon ƙafa da tsawon wuya, ta arewacin ƙasa. Ta yi ƙaranci ƙwarai, sai wajen Termit da duwatsun Ayar ake ganin sauranta. Tun da ƙungiya ta ɗauki sunan dabba, ba laifi a ce da mai horo makiyayi.

Makiyayi ya san garkenshi ɗaya bayan ɗaya. Ya san saniyar da ke shiga gaba, ya san mai tsoron gulbi, ya san wadda ke ɗingishi tana ɓoyewa. Haka mai horo yake. Cikin dukan samarin ƙasa masu buga balo, shina zaɓen ashirin da ƴan kai. Cikinsu kuma mutum 11 kaɗai ke shiga fili. Shi ke cewa wane ya tsaya baya, wane ya tsaya tsaka, wane ya tafi gaba neman raga. In wani ya gaji, shi ke fidda shi ya sa wani.

Aikin mai horon ƙungiyar ƙasa ya fi na mai horon ƙungiyar gari wuya. Na gari shina tare da yaranshi kullum. Na ƙasa kuwa sai an kusa maci yake tara su. Wani ya zo daga Yamai, wani daga Arlit, wani daga Turai. Kwana kaɗan za su yi tare, kuma cikin kwanakin nan ake son su zama kamar ƴan gayya da suka saba noma kuyya ɗaya.

Haruna Dula, ɗan gida

A shekarar 2009 aka ba Haruna Dula Gabde riƙon Mena. Ɗan ƙasa ne. Sunanshi bai kai Turai ba, ba a kuma ɗauko shi cikin jirgin sama ba. Abin da ke hannunshi shi ne ya san filayen gida, ya san yaran da ke wasa cikinsu.

Nijar ba ta da ƴan wasa da yawa cikin manyan ƙungiyoyin waje. Don haka Dula ya gina ƙungiyarshi bisa ƴan gida. Akwai wata gasa da ake ce ma CHAN. Ba kowa ke shiga cikinta ba sai ɗan wasan da ke wasa cikin ƙasarshi. Mena ta fidda Najeriya daga hanyar wagga gasa, ta tafi Sudan cikin watan Fabrairu na 2011. Can ta wuce zagaye na farko, ta kai cikin ƙasashe 8 da suka saura. Sudan, masu masaukin baƙi, su suka fidda ta, shi ma sai da aka kai ga bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Babbar jarrabawa kuwa ita ce neman shiga kofin Afirka na 2012. An haɗa Nijar rukuni ɗaya da Misira, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Misira ta ɗauki kofin sau 7, kuma sau 3 na ƙarshe a jere ne: 2006, 2008 da 2010. Afirka ta Kudu ita ta sauki gasar duniya a 2010. Ba wanda ya sa Nijar cikin lissafi.

Ran 10 ga Oktoba 2010, Misira ta zo Yamai, filin wasa na Janar Seyni Kunce. Musa Ma'azu, ɗan Yamai da ya yi wasa a Beljik da Rasha da Faransa, ya jefa balo raga. Aka tashi 1 da 0. Sarkin kokowa ya sha ƙasa hannun wanda ba a sani ba. Cikin watan Maris 2011 Saliyo ta zo, ta sha kashi 3 da 1. Cikin watan Satumba Afirka ta Kudu ta zo, ta sha kashi 2 da 1.

Gaskiya ɗaya ce, sai a faɗe ta: duk wasan da Mena ta yi waje, kayar da ita aka yi. Afirka ta Kudu ta ci ta 2 da 0, Saliyo 1 da 0, Misira 3 da 0. Ko balo ɗaya ba ta jefa raga ba a baƙon wuri. Ƙarfinta duk gida yake, gaban jama'arta, cikin zafin ranar Yamai. Dula ya san gejin abin da ke hannunshi. Ya tsare gida, bai bari ko ɗaya ya zo ya ɗauki komi ya fita ba.

Lissafin da ya kayar da Afirka ta Kudu

Ga yadda ake ƙirga. Wanda ya ci maci shina samun maki 3. In an yi kunnen doki, kowa ya samu 1. Wanda aka ci ba shi da komi.

Da aka gama wasanni 6, Nijar tana da maki 9. Afirka ta Kudu tana da 9. Saliyo ma tana da 9. Ƙasa ɗaya ce za ta wuce kai tsaye. To, wace ce?

Mutanen Afirka ta Kudu sun ɗauka za a duba yawan balon da aka jefa da wanda aka sha. Ta nan su ke gaba: sun jefa 4, an jefa masu 2. Nijar ta jefa 6, an jefa mata 8. Don haka ranar ƙarshe, da suka ji Misira tana cin Nijar, sai suka daina neman cin Saliyo. Suka yi ta jan lokaci har aka tashi 0 da 0. Ƴan wasansu suka yi rawa cikin fili, jama'a tana tafi.

Amma dokar gasar ba haka ta ce ba. Ta ce in maki ya zo ɗaya, sai a ware ƙasashen da abin ya shafa, a duba wasannin da suka yi tsakaninsu kaɗai. Nijar ta ci Saliyo sau ɗaya, ta ci Afirka ta Kudu sau ɗaya: maki 6. Afirka ta Kudu ta ci Nijar sau ɗaya, ta yi kunnen doki sau biyu da Saliyo: maki 5. Saliyo ma haka: maki 5. Nijar ta wuce.

Dokar nan rubuce take tun kafin a fara wasa. Ba a ɓoye ta ga kowa ba. Masu kuɗi da manyan filaye ba su karanta ta da kyau ba, suka yi rawa bisa gonar wani. Rashin sani ya fi dare duhu.

Cikin watan Disamba 2011, hukumar balo ta Afirka, wadda ake ce ma CAF, ta zaɓi Haruna Dula a matsayin mai horon da ya fi kowa a Afirka cikin shekarar. Ɗan Nijar ne aka kira ya amshi wagga daraja, gaban manyan ƙasashe.

Ranar tafiya aka fafe gora

Nan labari ya yi ɗaci. Ana dab da tafiya gasar, wadda aka yi a Gabon da Gine ta Ikwato, sai aka ɗauko wani Bafaranshe, Rolland Courbis. Aka ce mai ba da shawara ne. Mutum ne da ya riƙe manyan ƙungiyoyi a Faransa, ba a raina saninshi ba. Amma bai yi dogon zama da yaran ba.

Ran 23 ga Janairu 2012 Mena ta yi wasanta na farko da Gabon a Librebil. Gabon tana gida, ta ci 2 da 0. Wasa ɗaya tak. Bayan shi aka mai da Dula baya, Courbis ya amshi sanda.

Ba a rage ma kowa haƙƙinshi: wasa na biyu Mena ta fi kyau. William N'Gounou ya jefa ma Tunisiya balo, shi ne na farko da Nijar ta taɓa jefawa cikin kofin Afirka. Ana kunnen doki har kusan tashi, sannan Tunisiya ta ƙara, aka tashi 2 da 1. Maroko kuma ta ci 1 da 0. Mena ta dawo gida ba maki ko ɗaya. Watanni kaɗan bayan haka, Courbis ya kama gabanshi.

Manomi ya san wanga abu ko ba a fassara mashi ba. Mutum ya sare dawa, ya tone kututtura, ya kai taki, ya shuka, ya yi noman farko da maimai. Ranar da za a fara yanka, don dame ɗaya ya kwance, sai a amshe wuƙa daga hannunshi a ba wanda ya iso jiya. Ko baƙon ya iya yanka, bai san inda ƙasa ke da gargari da inda take da jigawa ba. Kuma garke ba shi jin kira biyu. In makiyaya biyu suka tsaya, wanga na kira gabas wancan na kira yamma, shanu watsewa suke.

Gernot Rohr: baƙon da ya yi aiki

Kar a ce duk baƙo banza ne. Cikin watan Satumba 2012 aka ba Gernot Rohr riƙon Mena. Haifaffen Jamus ne, amma a Faransa ya yi yawan wasanshi da aikinshi, a garin Bordo. Abin mamaki, shi ne mai horon Gabon ranar da ta ci Nijar 2 da 0. Ya ga Mena daga wancan gefen fili, ya san inda take da rauni.

Hanyar kofin 2013 gajera ce. Wasa biyu ne da Gine, wanda ya fi yawan balo ya wuce. A Konakiri Gine ta ci 1 da 0. Cikin watan Oktoba ta zo Yamai, Mena ta ci ta 2 da 0. Nijar ta koma kofin Afirka karo na biyu a jere.

An yi gasar a Afirka ta Kudu, farkon 2013. Wasa da Mali, Mena ta tsare raga har saura mintoci kaɗan, sannan Saidu Kaita ya jefa ɗaya. Wasa da Kwango ta Kinshasa aka tashi 0 da 0, mai tsaron gida Kasali Dauda ya hana balo shiga. Wanga shi ne makin farko na Nijar cikin kofin Afirka. Gana kuma ta ci 3 da 0.

Abin da Rohr ya ƙara shi ne tsari, kowa ya tsaya inda aka aje shi. Amma yawancin yaran da ya yi aiki da su, waɗanda Dula ya tara ne. Rijiyar da wani ya gina ya iske, ya gyara bakinta, ya ɗebi ruwa. Wanga ba aibi ba ne, haka aiki ke tafiya in na baya bai rushe na gaba ba. Rohr ya bar Nijar cikin watan Oktoba 2014. Daga baya ya riƙe Najeriya, ya kai ta gasar duniya ta 2018. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba.

Shekarun fari

Bayan 2013 sai damana ta ƙi. François Zahoui na Kwaddibuwa ya riƙe Mena daga 2015 zuwa 2019. Ba ƙaramin mutum ba ne, shi ya kai ƙasarshi wasan ƙarshe na kofin 2012. Ya kai ƴan gida gasar CHAN a Ruwanda a 2016, amma babban kofi ya gagara. Bayan shi Faransawa biyu suka zo, Jean-Guy Wallemme da Jean-Michel Cavalli. Tun 2019 aka ƙara yawan ƙasashen da ke shiga gasar daga 16 zuwa 24. Ƙofa ta ƙara faɗi, duk da haka gasannin 2019, 2021 da 2023 suka wuce ba Nijar.

Laifin ba na masu horo kaɗai ba ne. Ƴan wasan farko sun tsufa, kamar yadda bijimin noma ke tsufa. In ba a renon maruƙa tun da wuri, ranar da bijimi ya kwanta sai garma ta tsaya.

Dula ya dawo

Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Haruna Dula bai bar ƙasa ba, bai bar balo ba. Aka sake ba shi ƙungiyar ƴan gida, ya tafi da ita gasar CHAN da aka yi a Aljeriya cikin Janairu da Fabrairu 2023.

Mena ta yi 0 da 0 da Kwango, ta ci Kamaru 1 da 0, ta ci Gana 2 da 0. Wasa uku ba a jefa mata ko ɗaya ba. Ta shiga cikin ƙasashe 4 na ƙarshe. Nan Aljeriya ta ci ta 5 da 0, kashi mai zafi. Madagaska kuma ta ci ta 1 da 0 wajen neman na uku. Nijar ta zo ta huɗu. Babbar ƙungiyar Nijar ba ta taɓa kai nan ba cikin gasar Afirka.

Shekara 11 ke tsakanin ranar da aka mai da shi baya a Gabon da ranar da ya kayar da Gana a Aljeriya. Yaran 2011 ba su ne na 2023 ba. Garke ya sake, makiyayi bai sake ba, kuma nono ya sake zuwa. In abu ya faru sau ɗaya, ana iya cewa sa'a ce. In ya faru sau biyu hannun mutum ɗaya da yara daban, sai a ce iyawa ce.

Zaki cikin garken Mena

Ƙarshen shekarar 2023 aka ɗauko wani ɗan Maroko, Badu Zaki. Mai jin Hausa ba shi rasa murmushi: an ba zaki kiwon barewa. Tsohon mai tsaron gida ne, a 1986 aka zaɓe shi gwanin balo na Afirka, kuma a 2004 ya kai Maroko wasan ƙarshe na kofi.

Zaki ya iske wata wahala da Dula bai sha ba a 2011. CAF ba ta yarda da filin Yamai ba, don bai cika sharuɗɗanta ba. Saboda haka a 2024 Mena ta yi wasanninta na gida a ƙasashen mutane. Cikin watan Nuwamba ta ci Sudan 4 da 0 a Lome, ƙasar Togo. Kwana 4 bayan haka ta ci Gana 2 da 1 cikin birnin Akra, gaban jama'ar Gana. Ta gama da maki 7, Sudan tana da 8. Maki ɗaya ya hana ta zuwa kofin 2025. Wajen neman shiga gasar duniya kuma, a 2025 ta zo ta biyu cikin rukuninta, bayan Maroko.

Wajen neman kofin Afirka, Mena ta 2011 ba ta iya cin kowa waje ba. Ta 2024 ta koyi ci a baƙon wuri. Wanga shi ne abin da Zaki ya ƙara. Amma a tuna, maki 9 ɗin da suka kai Nijar kofin farko, dukansu a Yamai aka same su. Da wasannin 2024 gaban jama'ar gida aka yi su, wa ya san inda maki ɗayan nan zai faɗa?

Wa ya share, wa ya girbe?

In aka jera su, kowa da rabonshi. Rohr ya kawo makin farko. Zaki ya cire ma yara tsoron waje. Amma wanda ya sare dawa, ya nuna ma ƙasa duka cewa Mena tana iya tsayawa gaban Misira, Haruna Dula ne. Kuma shi ne aka fi saurin amshe ma sanda.

Labarin bai tsaya Yamai ba. Kowane gari shina da fili bayan lakwal ko bakin kasuwa, inda yara ke buga balon tsumma ƙafa ba takalmi. Sau da yawa akwai mutum ɗaya da ke tara su da marece: mushen lakwal, ko wani saurayi da ya taɓa wasa a birni. Ba a biyan shi komi. In yaran garin suka sha kashi hannun garin maƙwabta, shi ake ma dariya a kasuwa. Daga irin waɗannan filaye ƙungiyoyi kamar Ɗan Kasawa ta Maraɗi, da Espoir ta Damagaram, da Akokana ta Arlit ke samun yara. Daga ƙungiyoyin nan kuma Mena ke ɗiba.

Wanda ya raina na gida don ya san uwarshi da ubanshi, shi ke sayen iri mai tsada daga nesa, ya bar wanda ya saba da ƙasarshi cikin rumbu. Irin waje shina da amfani in an gwada shi, an ba shi lokaci, an haɗa shi da sanin mai gona. Abin da ba shi da amfani shi ne a tuge shuka duk ranar da hadari ya wuce bai zuba ba.

Allah shi ba Mena masu kiwo na gari, shi ba jama'a haƙurin barin su su yi aiki. Amin.